Baba, An Ce In Sauke Hannuna

Zuwa ga mahaifina, tsohon wakilin mutanen tsaunin Mambila,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta ladabi da biyayya, ina fatan Allah ya sa kana cikin ni'ima a makwancinka. Masu karatu su yi mini afuwa, yau da kai nake magana.

Ina nan Dubai, Baba, ina aiki a wani ofishin jigilar kaya a unguwar Al Qusais. 'Yarka Dudu, wadda kake cewa bakinta ya fi ƙarfinta, ita mutanenmu na tsauni suka tura wakilci a ƙungiyar 'yan Arewa ta nan. Da kana raye da ka yi dariya har hularka ta faɗi.

Sai dai wakilcin na jeka-na-yi-ka ne. Duk jihar da ke da jama'a a nan tana da reshe da ƙuri'a. Mu ba mu da yawa, sai aka ba ni kujera kawai: in zauna, in yi magana idan an ba ni dama, amma in an zo ƙirga hannu babu ni.

Juma'ar da ta wuce aka kawo maganar Hajara, 'yar wani ƙauyenmu na bakin iyaka, mai aikin shara a Abu Hail. Ciwon ƙoda ya kwantar da ita, aiki ya tsaya, bizarta ta kusa ƙarewa. Al'adar ƙungiya ce ta ɗauki nauyin mayar da mara lafiya gida tare da ɗan rakiya. Muna zaune a bayan gidan abincin da muke taro a Al Muraqqabat, sai wani alhaji ya miƙe ya ce ya ji irin Hausarta, wannan 'yar Kamaru ce, ta nemi mutanensu. Fasfonta kore ne na Najeriya irin nasa, Baba. Aka ce a ɗaga hannu, na manta kaina na ɗaga, sakatare ya ce in sauke, cikin ladabi kuwa. Aka yi kunnen doki, shugaba ya ɗage maganar zuwa Juma'a mai zuwa. Da an ƙirga nawa, da yanzu Hajara tana haɗa kayanta.

A jirgin ƙasa ina komawa gida, kai nake ta tunawa.

Na tuna zamanin da ba a ba mu jiha ba, majalisa tana can Yola. Kana sauka daga tsauni a tsohuwar Landiroba, Inna ta ƙulle maka dambun nama, mu kuma muna bin motar da gudu har kwanar farko. In damina ta cinye hanya, sai ka isa an riga an rufe muhawarar da ka je dominta.

Na tuna in ka dawo ba ka ɓuya a gida. Ranar kasuwa kake tsayawa kusa da masu nono, da rigar sanyinka, ka faɗa wa mutane abin da ka roƙa da abin da aka hana ka. Wata rana wani ya yi maka ihu wai ɗumama kujera kawai kake yi. Ni na fashe da kuka, kai kuwa cewa ka yi, "In na tashi daga kujerar, wa zai gaya musu muna nan?"

Ka kuma ba mu labarin na gabanka, tun yankinmu yana ƙarƙashin riƙon amana a hannun Turawa, wakilinmu yana tafiya har Kaduna ana yi masa kallon baƙo. Ashe kallon nan bai ƙare ba, har teku ya tsallako.

Na je na faɗa wa Hajara yadda aka yi, ban rage komai ba. Ta riƙe hannuna ta ce ita dai ta ga mahaifiyarta, ta sha iskar gida. Wallahi Baba raina ya ɓaci, har na yi niyyar mayar musu da kujerarsu. Amma na fasa.

Ranar Juma'a zan koma, kuma ba ni kaɗai ba. Direbobinmu da ɗalibanmu da masu aikin gida, duk wanda ya samu hutu zai zo ya tsaya a bayana. Zan gaya wa alhajin nan cewa shi haihuwarsa aka yi a Najeriya, mu kuwa tambayarmu aka yi muka zaɓa. Zan gaya masa ranar da aka ajiye akwati biyu, ɗaya na Kamaru ɗaya na Najeriya, mahaifiyarka ta taka da ƙafarta ta jefa tata ƙuri'ar a na Najeriya, a lokacin da ba a fara barin matan Arewa yin zaɓe ba. Jikar matar nan ce za a hana ƙirgawa?

In aka ce a ɗaga hannu zan ɗaga, kuma ba zan sauke ba. Wanda bai yarda ba ya taso ya sauke mini da kansa, a gaban kowa.

Babana, na yi kewarka ƙwarai. Allah ya jiƙanka da kai da Kaka, ya haskaka kabarinku, ya sa Aljanna ce makomarku. Allah ya ba Hajara lafiya, ya kai ta hannun mahaifiyarta da ranta. Amin.

'Yarka mai ƙaunarka,
Dudu