Tauraron da Zai Dushe Ran Alhamis

Yaya Birama,

Ina gaishe ka, ka gaida Inna da yara. Kumburin ƙafarta ya sauka? Ni lafiya lau, tarin ma da sauƙi. Ƙanƙara ce ta toshe mana hanyar dutsen da muke nazarin taurari a kansa har kwana tara, sai yau aka buɗe. Kada ka gaya mata.

Ka tuna tauraron da nake bi? Duk kwana arba'in wata duniya takan gitta gabansa, haskensa ya ɗan dushe, da haka nake auna girmanta. Lissafina ya saɓa wa na shugabana, Farfesa Lahsen. Ya ce, "'Yata, shekara ashirin ina aikin nan. Sanyi ne ya ruɗe ki." Na ce mu jira Alhamis, za ta sake gittawa, mu ga lissafin wa ya yi daidai. Sai ya mayar da takardar sabunta zamana a Maroko aljihu, bai sa hannu ba.

Tun jiya gajimare ke taruwa. Sau bakwai na maimaita lissafin, Yaya, ba zan canza shi ba.

Ka ce wa Inna ta roƙa mana Allah sama ta washe daren Alhamis, awa uku kawai. In kun gan ni na dawo gida Dakar kafin azumi, kada ku tambaye ni komai.

Ƙanwarka,
Sohna