Muryar da Kawu Ya Ji a Cikin Rijiya

Assalamu alaikum, Yaya.

Ina fatan wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki da yara. Allah Ya ba ki sauƙin ciwon gwiwar nan, Ya sa albarka a aikinki. Mu ma nan lafiya gwargwado. Amfanin gona ya shigo gida, ƙaramar 'yarmu ta fara tafiya, ba abin da ta tsana irin a riƙe mata hannu. Gwaggo tana nan yadda kika san ta, kullum kukan ido, amma allura ba ta isa ta faɗi ƙasa ta ɓace mata ba. Na san Baban yara ya gaya miki a waya cewa rijiya ta rufta da Kawu, kuma yana samun sauƙi. Gaskiya ya faɗa, sai dai rabin maganar ke nan. Sauran rabin shi ma bai sani ba, kuma ba maganar waya ba ce.

Ranar da abin ya faru, tun da safe muka tashi da tashin hankali. Jan sanmu na huɗa ya ɓalle ya ci abin da bai kamata ba, cikinsa ya kumbura kamar ganga, ya kwanta yana nishi. An aika a kira mai duba dabbobi, aka ce ya tafi kasuwa. Ga shi ranar ce Kawu ya sa zai yashe tsohuwar rijiyarmu ta bayan gida, don ruwanta ya fara ja baya. Na ce masa ya bari sai gobe, ya yi dariya ya ce shi da rijiya tun ba a haife ni ba suke tare. Ya shiga, Baban yara na riƙe masa igiya yana janye laka da guga, rabin hankalinsa na kan san.

Ana kukan targaɗe sai ga karaya. Rana ta take, sai muka ji ihu daga ɗaya gefen gari, wuta ta kama tarin kara a masussuka, iska tana kaɗa ta wajen rumbuna. Duk namiji mai ƙafa ya ruga. Kawu daga ƙasa ya ce wa Baban yara ya ɗaure igiyar a jikin bishiya ya tafi, shi zai fito da kansa in ya gama kwashe ɗan abin da ya rage. Ina tsaye a turke ina ɗura wa san mai a baki sai na ji wani sauti, ba mai ƙarfi ba, kamar an sauke buhu daga kai. Da na waiwaya, ƙura ce ke fitowa daga bakin rijiya.

Yaya, ba namiji ko ɗaya a unguwar. Ni ce da Gwaggo da matar maƙeri da amaryar maƙwabta mai tsohon ciki. Na leƙa ban ga ruwa ba, ban ga Kawu ba, sai ƙasa da duwatsu. Ashe ɗaya daga cikin zobban simintin da aka gina jikin rijiyar da su ne ya karkace ya tokare, ya yi masa rumfa, ƙasa ta zubo a kai, ta bar 'yar kafa a gefe. Matar maƙeri ce ta yi dabara, ta jawo tiyon ban ruwa na lambu muka zura ta kafar, sannan ta zuba da gudu ta kira maza. Na kwanta rub da ciki a bakin rijiyar, na kafa kunne a bakin tiyon. Da farko shiru. Can na ji tari.

Ya yi magana da hankalinsa daram. Ya ce ƙasa ta danne shi zuwa ƙugu, ƙafarsa ɗaya ba ya jin ta, ruwa kuma yana tasowa a hankali. Ya ce kada kowa ya taka gefen gabas, kuma a kwashe ƙasar da hannu da guga, ban da diga. Maza suka fara dawowa ɗaya-ɗaya, baƙi ƙirin da hayaƙi, don wutar ba ta mutu ba, dole aka raba su biyu. Ni aikina kawai kada in bar shi ya yi shiru, ma'aikacin asibitin da aka samu a waya ya ce in ya yi barci ba lallai ya farka ba. Na ba shi labarin sa, na yi masa tsiyar taurin kai, na tambaye shi sunayen duk garuruwan da ya haƙa wa rijiya. Da la'asar ta yi, maganarsa ta fara tsinkewa. Na kira Kawu, na kira, ba amsa. Sai can na ji ya ce Auta.

Kin san duk duniya mutum ɗaya yake kira da wannan suna, Innarmu, ƙanwarsa, har ta yi furfura bai daina ba. Kin kuma san yadda ake cewa muryata tata ce. Ban yi shawara da kowa ba, ban ma yi da zuciyata ba, na ji bakina ya amsa masa. Nan take muryarsa ta dawo da ƙarfi kamar an zuba masa ruwa. Ya tambaye ni ko na zo tafiya da shi ne, na ce a'a, na zo in tsare shi ne har a fitar da shi. Ya yi ta hira da ni a matsayinta, yadda suke kiwon awaki suna yara, yadda ya taɓa goya ta ya haye rafi. Ina ta cewa na tuna, alhali ban san ko ɗaya ba. Sannan ya fara kuka. Ya ce lokacin ciwonta na ajali an aika masa yana haƙar rijiya a wani gari mai nisa, ya ce bari ya kai ga ruwa tukuna, da ya iso ya tarar an dawo daga maƙabarta. Ya ce tun ranar bai ƙara shan ruwan rijiyar da ya haƙa ya ji daɗinsa ba. Ya roƙi in yafe masa. Yaya, ƙasa na ta zubowa, mutane na ihun a kawo guga, na ce masa na yafe, tun tuni na yafe, ban taɓa riƙe shi a zuciya ba.

Daf da magariba aka zaro shi, ruwa ya kai masa ƙirji. Aka shimfiɗa shi a bayan motar ɗaukar kaya zuwa asibiti, aka ɗaure ƙafar. Wutar ta ci rumbun maƙeri da na wasu gidaje kafin a kashe ta. San kuwa ba wanda ya tuna da shi, mun same shi ya mutu a turke ba a ko sa masa wuƙa ba. Baban yara ya tsaya a kansa ya daɗe, ya ce dabba a madadin ran mutum ai ciniki ne mai riba. Amaryar maƙwabta ta sauka washegari, namiji.

Yanzu Kawu yana ɗakin zaure a wurinmu. Yana cin abinci, har ya yi ƙiba, kuma ban taɓa ganin fuskarsa a sake haka ba. Duk wanda ya zo dubiya sai ya ba shi labarin yadda Auta ta zo masa a cikin rijiya ta ce ta yafe. Wasu su ce zafin ciwo ne. Gwaggo kaɗai ce take kusa da ni ranar, ta ji komai, amma ba ta taɓa tayar da maganar ba, sai dai ta bi ni da kallo. Ni ce na kasa samun sukuni. In na kai masa abinci a hankali nake magana, don sau ɗaya na ɗaga murya ina kiran yara daga tsakar gida, na ji shi a ɗaki ya kira sunan nan ƙasa-ƙasa. An cike rijiyar da ƙasa, amma har yau in zan wuce sai in kewaye. Ko tiyo na gani a lambu sai in ji kunnena na jiran tari. Kullum tambaya ɗaya nake wa kaina, wa ya ba ni izinin yafiya da bakin wadda ke kabari?

Shi ya sa na rubuto miki. Ke kika yi jinyar Inna, ke ce a kanta har ta cika, ni ina fama da jego a lokacin. Ban taɓa tambayarki ba, ke ma ba ki taɓa faɗa ba. Shin ta ambaci Kawu? Ta yi ta duban ƙofa tana jiransa, ko ta yi masa uzuri? Kada ki tausaya mini ki gyara maganar. In ta yafe, to saƙonta na isar, zan samu barci. In kuwa ta tafi da abin a ranta, zan ɗauki nauyin ni kaɗai in yi ta nema mana gafara mu uku, amma shi ba zan karɓe masa abin da na ba shi ba.

Ki gaida maigidanki da kyau, da babbar 'yarki mai karatun jinya, da ɗanki Sarkin Surutu, ki ce masa ƙaramar ta gaje shi. Gwaggo tana gaishe ki, Baban yara ma haka. Kawu ya ga ina rubutu, ya ce in gaya miki kada ki damu da shi, ya ga Auta, kuma tana cikin alheri.

Ina jiran amsarki.

Taki har kullum,
Ƙanwarki