Tushe Huɗu a Jikin Katanga

Celle, 2 ga Yuli

Benno,

Bayan gaisuwa, da fatan kana lafiya, gwiwar nan kuma ta yi sauƙi. Na san za ka yi mamakin ganin rubutuna. Ranar jana'izar yayanka Gernot can baya ka tsaya, ka tafi tun ba a zuba kofi ba.

Ba wannan ya sa na rubuto ba. Maganar tumatir ce, ruwan-ɗorawan nan na mahaifiyarku mai tsaga-tsaga kamar kabewa, wanda mijina ya shekara talatin yana adana irinsa. Bara ciwo bai bar shi ya ɗebi sabo ba. Ƙwaya goma sha huɗu na tarar a gwangwanin shayinsa, na shuka su a bakin taga. Duka fa, ban rage ko ɗaya ba.

Sai Afrilu ya zo da rana mai daɗi, na ruɗu na fitar da su lambu. Kada ka faɗa mini, na sani: ba a fitar da tumatir sai Sofi Mai Sanyi, ranar sanyin ƙarshe, ta wuce, sha biyar ga Mayu. Shekara arba'in ina jin haka a gidan nan. Ranar sha biyu ga Mayu na fito da safe na tarar raɓa ta daskare, goma sun kwanta baƙi ƙirin. Huɗun da ke jikin katanga ne kawai suka sha.

Yanzu sun fi ni tsawo, ganye kore shar, amma fure yana fitowa yana zubewa, ko ɗa ɗaya babu. Ga shi ban rage su da komai ba. Kullum sai na ba su ruwan ganyen ƙaiƙayi da na jiƙa a duro, yadda Gernot yake yi. Kai ka taso a ɗakin gilashin da Mama take renon shuka, me nake yi ba daidai ba?

Sannan ambulan ɗin iri da yake aiko maka duk Oktoba, in da saura ka aiko mini ko ƙwaya biyar ce, hankalina ya kwanta.

Ka huta lafiya,
Ottilie

Bremen, 7 ga Yuli

Ottilie,

Gaisuwa mai yawa. Gwiwa tana nan, ita da ni mun saba.

Kullum kika ce? Kuma tsura, ba sirki? Baiwar Allah, kashe su kike da gata. Gernot bai taɓa yin haka ba, ke dai duron kike gani da warinsa, ba ki ga ma'aunin ba. Kofi ɗaya ake sa wa kofi goma na ruwa, sau ɗaya a mako biyu. Tumatirin da ya ƙoshi ba ya tunanin haihuwa, ado kawai yake yi.

Daga yau ki rufe duron. Ruwa zalla, a gindi, sai ƙasa ta bushe. Ki barbaɗa tokar murhu hannu ɗaya. Sannan ki duba hammatar kowane ganye, inda ya haɗu da kara, za ki ga toho. Ki tsinke su duka da farce, manyan ki sa wuƙa. Kara ɗaya ake bari. Zai yi miki kamar kin yi ɓarna, ki daure.

Mama cewa take a bar shi ya ɗan ji tsoro.

Naki,
Benno

Celle, 19 ga Yuli

Benno,

Ina gaisuwa, na kuma gode, ko da yake wasiƙarka kamar ta likitan haƙori.

Na yanke tohon. Baro biyu na kwashe, na tsaya ina kallonsu tsirara, sai da na ba su haƙuri. Amma duron, gaskiya sai da na ƙara mako guda ban rufe ba. Bari in faɗa maka dalili, tunda ba wanda zan faɗa wa.

Wata bakwai ina dafa wa Gernot abinci yana mayar mini da kwano. Miyar dankali, romon kaza, har wainar tuffa da a da sai na ɓoye masa ita. Ya ɗaga cokali don ya faranta mini, ya ajiye, ya ce, "Gobe, Otti." Har ya tafi ban ga gindin kwanonsa ba. To waɗannan kuwa duk abin da na zuba sai su shanye, washegari in ga sun ƙara tsawo. Daɗi nake ji, Benno. Ashe ba su nake ciyarwa ba.

Yanzu na rufe, na ɗora dutse a kan murfin. Ina wucewa da butar ruwa ina jin kamar muguwa.

Ba ka ce komai ba a kan ambulan. Na karanta wasiƙarka sau uku, har bayan takardar na duba.

Sai na ji daga gare ka,
Ottilie

Bremen, 4 ga Agusta

Ottilie,

Ina gaishe ki. Ki yafe jinkirin, sau huɗu ina farawa ina yagawa.

Babu saura. Ko ƙwaya ɗaya.

Kin san abin da ya raba mu. Da Mama ta rasu na rushe ɗakin gilashinta na yi wurin ajiye mota, ya zo ya gani, ya juya ya tafi. A Oktoban shekarar ambulan na farko ya iso. Na zazzage shi ina neman takarda, iri kawai ya zubo. Sai na ɗauka gori ne, cewa yake ga abin da ka rushe, nemi inda za ka shuka. Shekara goma sha biyu yana zuwa, ni kuma ina jefawa a kwandon shara. Da na bar gidan na dawo bene hawa na huɗu, ambulan ya biyo ni, na ce mutumin nan bai gaji da cin fuska ba.

Bara da bai zo ba, har sauka nake ina duba akwatin wasiƙa sau biyu a rana. A nan na gane jiransa nake yi. Ban buga waya ba, kuma wannan zai bi ni har kabari.

Abin da ke jikin katangarki shi ne ya rage a duniya. Idan fure ya buɗe, ki riƙa girgiza karan a hankali da hantsi. In ya yi 'ya'ya, mafi kyawun ba na ci ba ne, ki bar shi ya nuna har ya yi laushi.

In ba ki sake rubuto mini ba, ba zan ga laifinki ba.

Benno

Celle, 9 ga Oktoba

Benno,

Bayan gaisuwa. Na yi fushi da kai wata biyu, yanzu na gaji.

Tushe uku ba su yi abin kirki ba. Na huɗun, wanda ya fi ramewa, ya ba ni biyar. Na ci ɗaya a tsaye da gishiri, na yi kukana. Babban na bar shi har fatarsa ta tsage, na matse shi a kofi ya kwana uku, na wanke, na shanya a takardar tace kofi.

Gori ka ce? Kai da yayanka duk kanku ɗaya. Duk shekara tun Agusta yake ɗaura jan zare a jikin wanda ya fi kyau, ya hana ni taɓawa, ya ce na Benno ne. Na sha ce masa ya sa ko layi biyu a cikin ambulan, sai ya ce, "Ai zai gane." Daga nan har Kirsimeti, in mai kawo wasiƙa ya wuce, sai ya tambaye ni ko akwai wani abu daga Bremen, yana yi kamar takardar likita yake jira.

Ga rabi nan a ambulan. Ni na haɗa da wasiƙa, don kada ka ce ba ka gane ba.

Taka,
Ottilie

Bremen, 13 ga Oktoba

Ottilie,

Gaisuwa. Sun iso, suna cikin aljihun rigata.

Barandata arewa take kallo, rana ba ta leƙo ta. Zan tayar da su a bakin taga, ke kuma ki bar mini layi ɗaya a jikin katanga. Zan kawo su da kaina ranar sha shida ga Mayu, ba kafin nan ba.

Ki dafa miyar dankalin. Ni ina ci.

Ƙaninki,
Benno