Ƙafar Malam Barau

Zongo, Kwatano
9 ga Afrilu, 1984

Zuwa ga Yaya Raïmatou,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ya jikin Baba? Ina fata tarin ya lafa. Ki gaishe min da mutanen Djougou. Mu nan lafiya, sai ruwan sama da ya fara cika mana lunguna.

An kawo mana sabuwar likita a dispansar ɗinmu, ƙaramin asibitin unguwa, Dokta Hounsou, 'yar ƙabilar Fon, a Mosko ta yi karatu. Ba ta jin Hausa, don haka ni ke yi mata tafinta. Tana da saurin aiki, kuma kowa "kamarad" take ce masa, har Liman.

Akwai wani da nake son ba ki labarinsa, Malam Barau, tsohon mai fataucin shanu. Shekara uku ke nan matarsa Tabawa ta samu shanyewar ɓarin jiki, kuma Allah bai ba su haihuwa ba. Ya bar kasuwa. Shi ke yi mata wanka, shi ke dama mata kunu, shi ke juya ta a shimfiɗa don kada bayanta ya yi gyambo. Kowace Alhamis yakan turo ta a amalanke, da bargo a ƙarƙashinta. Yaya, ban taɓa ganin majinyaciya mai tsabtar Tabawa ba. Har lalle a ƙafarta, kuma shi ya ƙunsa mata.

Makon jiya na lura yana ɗingishi, ƙafarsa ta hagu naɗe da tsumma. Na gaya wa Dokta, ta ce layi ya yi tsawo, kuma ba sunansa ne a kati ba. Ban san inda na samo ƙarfin hali ba, na ce mata ranar da mutumin nan ya faɗi, Tabawa ba za ta ƙara ganin ƙofarmu ba. Ta kira na gaba a layi. Ina jin na jawo wa kaina.

Ki riƙe wa Baba hannu a madadina.

Ƙanwarki,
Nimatou

Zongo, Kwatano
25 ga Afrilu, 1984

Yaya Raïmatou,

Ina gaisuwa. Ya Baba, ya gida? Allah ya sa maganin da na aiko ya iso.

Ashe Dokta ta riƙe maganata. Da ta gama duba Tabawa, sai ta jawo kujera ta ce Malam Barau ya zauna. Ya ce shi mai turowa ne kawai. Ta durƙusa da kanta ta kwance tsumman. Ciwon suga ne, yatsu biyu sun riga sun yi baƙi. Ta ce sai an kwantar da shi a babban asibiti, in ba haka ba zai rasa ƙafar. Ya ce to wa zai juya Tabawa?

Sai ta sa na tambaye shi yaushe rabonsa da ya ci abinci a zaune, yaushe rabonsa da sallar Juma'a a masallaci. Dattijon nan ya juya fuskarsa ga bango, ya daɗe bai waiwayo ba.

Da aka tashi aiki ta goya ni a ɗan babur ɗinta, mobilet, har ƙofar Liman don mu nemi taimakon unguwa. Yaya, babu wanda ya san halin da gidan Malam Barau ke ciki, don duk wanda ya tambaye shi sai ya ce da sauƙi. Hajiya Djamila mai atamfa a kasuwar Missèbo, wadda katanga ce kawai tsakaninsu, ta ce kunya ta hana ta ɗaga kai. A nan take mata shida suka raba kwanakin mako don jinyar Tabawa, Hajiya ta ɗauki biyu.

Amma Malam Barau ya ƙi tafiya sai ya koya musu da kansa: yadda ake ɗaga ta, kaurin kunun da take iya haɗiyewa, da gefen bakin da ake sa mata cokali. Dokta ta ba shi kwana biyu, ta zo ta tsaya tana kallo. Ta ce a makaranta ma ba a koya musu da kyau haka ba. Jiya muka kai shi. Ki sa shi a addu'a.

Taki,
Nimatou

Zongo, Kwatano
28 ga Mayu, 1984

Yayata Raïmatou,

Gaisuwa da kewa. Ina fata kuna lafiya ke da Baba.

An cire wa Malam Barau yatsu biyun, ƙafar ta tsira. Bayan tafiyarsa Tabawa ta rufe baki, kwana biyu ba ta karɓi ko ruwa ba. Dokta ta ce wannan ba na allura ba ne, a kai ta ta gan shi. Hajiya Djamila ta ɗauko tasi. Tabawa ta ɗora hannunta mai lafiya a kan bandejinsa, shi kuma ya karɓi kofin ya ba ta, ta shanye. Yanzu ya dawo gida da sanda. Matan ba su fasa zuwa ba, ran Juma'a kuma an gan shi a sahun gaba.

Dokta ta koyi maganarta ta farko da Hausa: "Wa ke kula da kai a gida?" Kowane mai doguwar jinya sai ta tambaye shi, ta ce ya zo da mutumin. Mun samu goma sha bakwai, yawancinsu mata. Ɗaya jininta ya hau sosai ba ta sani ba. Safiyar Asabar tasu ce yanzu. A taron ma'aikata Dokta ta miƙe ta ce ta yi kuskure a kan Malam Barau, kuma ni na gyara mata. Ban taɓa jin babba ya faɗi haka a gaban na ƙasa da shi ba.

Ran Asabar muna tattara kaya ta tambaye ni wa na bari a gida. Na ce Baba, shekara biyar yana kwance, yayata ke riƙe da shi ita kaɗai. Ta ce ita yayar taki ya jikinta? Yaya, sai a lokacin na tuna ban taɓa tambayarki ba. Ban san ko kina barci ba. Ban san ko bayanki na ciwo don ɗaga shi ba. Ki yafe min.

Ta sa min hannu a takardar konje, hutun mako uku, ta ara min abin awon jini. Ran Laraba zan hau jirgin ƙasa zuwa Parakou, Alhamis in Allah ya yarda ina gida. Kada ki yi shara, kada ki dafa komai saboda ni. Za ki koya min yadda kike yi wa Baba, sannan ki tafi gidan Gwaggo ki huta. Amma kafin nan zan zaunar da ke a kujera in auna ki, kuma ba zan karɓi "da sauƙi" ba.

Ƙanwarki mai ƙaunarki,
Nimatou