Maɓallin da Sadisu Ya Rufe da Salatif

Bagudo, 9 ga Agusta, 2004

Zuwa ga ƙanena Bunyaminu,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kana lafiya, kai da Surayya da yara, da aikin ofishin nan na Birnin Kebbi da ya hana ka leƙo mu tun Sallah. Mu nan lafiya lau, ruwa ya sauka sosai, uwargida Dela tana gaishe ku.

Maganar motarka ce ta sa na ɗauki biro. Da ka sayo a-kori-kurar nan 'yar Kwatano ka bar mini amanarta, ka ce Sadisu ɗan Malam Arzika ya riƙa tuƙi, ban ce uffan ba, don kai ne mai mota. To, yanzu zan ce. Zuciyata ba ta kwanta da shi ba.

Ranar kasuwar Illo da azahar ya kamata ya dawo, sai bayan la'asar nake ganinsa, ya ce wai hanyar fadama ce ta jiƙe. Na ji shi yana gaisawa da mutanen tsallaken iyaka da yarensu na Dendanci, har da dariya. Wannan duk na haɗiye. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne wani maɓalli ƙarƙashin sitiyari, wanda daga gani ba tare da motar aka ƙera shi ba, kuma Sadisu ya rufe shi da baƙin salatif.

Shekaranjiya na bi shi kai taki ƙauyen Sharabi. Da muka iso bakin taɓo sai ya tsaya cak, ya miƙar da sitiyari, ya leƙa hagu ya leƙa dama, ya ɓare salatif ya danna abin, wata 'yar jar fitila ta kama. Muka ratsa a hankali kamar masu ɗauke da ƙwai. Muna hawa tudu ya sake tsayawa, ya kashe, ya ɗan ja baya, ya mayar da salatif. Ban tambaye shi komai ba, don na san amsar da zai shirya mini.

Ka san masu fasa-ƙwaurin fetur suna da tanki biyu, na fili da na ɓoye, kuma an ce da maɓalli suke juya su. Jiya na shiga ƙarƙashin motar da kaina, duk da ciwon bayana, na ga waya ta taso daga gaba ta nufi wani ƙullin ƙarfe tsakanin tayoyin baya. Kai da ka yi boko sai ka fassara mini wannan.

Ka gai da kowa.

Yayanka,
Malami

Bagudo, 20 ga Agusta, 2004

Zuwa ga Bunyaminu,

Gaisuwa da fatan kun tashi lafiya. Allah ya ƙara wa Surayya sauƙin zazzaɓin da ka ambata.

Takardarka ta iso. Ka ce in yi haƙuri har ka zo ƙarshen wata, ka ce Sadisu mutumin kirki ne. Kai dama tun muna yara kowa mutumin kirki ne a wurinka, har mai akuyar da ta cinye mana shuka. Ni ne a nan, ni za a fara nema in kwastan suka kama motar, kuma sunan gidanmu za a kira. Saboda haka ban jira ba.

Ranar Laraba bayan sallar la'asar na tare Malam Arzika a ƙofar masallaci. Na so in ja shi gefe, amma raina ya riga ya ɓaci, sai na faɗa a gaban jama'a cewa ɗansa yana sumogar fetur da motarmu. Tsohon ya sa takalminsa ya tafi. Na ji wani iri, ba zan ɓoye maka ba, don shi ya koya mana karatun allo. Amma gaskiya ai ba a jin kunyarta.

Da yamma Sadisu ya kawo makulli da kansa. Na zaci zai rantse ko ya yi gardama. Ko ɗaya bai yi ba. Abin da ya ce kawai shi ne, "Yaya Malami, ga mota. Amma don Allah kak ka taɓa maɓallin ga bisa kwalta."

Ka ji fa. An kore shi, an kunyata ubansa, amma damuwarsa maɓalli. In babu abin ɓoyewa, me ya dame shi? Dela ta ce in kai motar garejin Bamidele ya duba tukuna. Na ce mata direba da bakanike bakinsu ɗaya. Gobe ni zan kai kayan Kende, zan danna abin da hannuna in ga ko allurar mai za ta motsa. Kada ka damu da tuƙina, na ja motar gona shekara shida kafin ka san hanyar sakatariya.

Naka,
Malami

Bagudo, 24 ga Agusta, 2004

Ƙanena Bunyaminu,

Ina gaishe ka, ina gai da iyali. Kafin labari ya riske ka a bakin wani: ina raye, ban karye ba, goshina ne kawai ya fashe, an ɗinke.

Na danna. Ban ma tsaya ba, ina cikin tafiya na ɓare salatif na danna, na ji wani ƙas a baya, fitilar ta kama. Allurar mai ba ta motsa ba, sai na ce bari in bar shi in gani. A miƙaƙƙiyar hanya lafiya lau. Da na zo kwanar nan ta kusa da Kende, an yi yayyafi, na murza sitiyari mota ta ƙi juyawa, tayoyin baya suna kuka, ta nufi gaba abinta kamar jakin da ya ga gida. Wani ƙarfe ya ɓalle, na tsinci kaina cikin rami. Wata mata mai tallan nono tana bakin hanyar, taku uku ne tsakaninmu. Har yanzu in na tuna sai gabana ya faɗi.

Bamidele ya zo da sarƙa, kuma Sadisu ne ya tuƙo motar da ta jawo ni. Ban san wanda ya gaya masa ba.

A gareji Bamidele ya buɗe ƙullin ƙarfen a gabana. Babu ko ɗigon fetur, haƙoran ƙarfe ne da baƙin mai. Ya ce maɓallin makullin tayoyin baya ne, mai motar na farko ya sa shi. A kwana dole tayar waje ta fi ta ciki gudu. In an kulle su sai su juya tare, shi ya sa suke fitar da mota daga taɓo ko rairayi, shi ya sa kuma suke hana ta juyawa a kan kwalta. Ya ce ba a danna shi sai an tsaya, sitiyari a miƙe, ba kuma lokacin da taya ke wulwulawa ba. A ratsa a hankali, da an taka ƙasa mai tauri a kashe, a ɗan ja baya ya saki. Yana lissafawa ina ganin Sadisu a bakin taɓon Sharabi, ɗaya bayan ɗaya. Salatif ɗin ma don fasinja Sadisu ya sa, kada gwiwar wani ta danna. Shaf ɗin dama, ƙarfen da ke juya tayar baya, ya karye, sai an aiko daga Sakkwato.

Na je gidan Malam Arzika na durƙusa. Ya ce ya yafe. Amma tun ranar Laraba bai koma masallacinmu ba, yana tafiya har na bakin kasuwa da sandarsa. Jiya na tashi bayan la'asar na janye maganata a inda na yi ta. Waɗanda ke wurin ba su kai rabin waɗanda suka ji ta farko ba, sauran kuwa sun riga sun kai ta Illo.

Na miƙa wa Sadisu makulli. Ya shiga motar, ya ciro salatif daga aljihunsa ya rufe maɓallin, ya fito ya mayar mini da makullin a tafin hannu. Ya ce, "Yaya, wata huɗu muna zama kujera guda. Da ka tambaye ni sau ɗaya, da na hwaɗa ma."

Ya karɓi tuƙin motar wani mai albasa a Kende. Bunyaminu, ka rubuto masa da hannunka, wataƙila kai ya ji maganarka. Kada ka roƙe shi ya dawo don mota. Ka roƙe shi ya ce wa babansa ya dawo sahun gaba, wurinsa yana nan babu wanda ya tsaya a kai, kuma ni ne nake sallah kusa da gurbin.

Yayanka mai kunya,
Malami