Ƙanshin Turaren Gidanmu

Daga wurin bauta na Ise

Zuwa ga Yaya Nariko,

Gaisuwa mai yawa. Ya jikin Inna, tarin ya lafa? Mu nan lafiya lau, sai dai iskar teku da ke ratsa ƙashi. Gimbiya da muke yi wa hidima ma lafiya, kuma kin san doka: tun da aka keɓe ta don bauta, ko inuwar namiji ba ta halatta gare ta.

Kin tuna waƙarta da na kwafo miki, ta agwagwar ruwa mai kwana ita kaɗai? Na ce ki karanta ki ƙona. Jiya sai ga ɗan aike daga birni da amsarta, rubutun namiji, babu suna, ɗaure a reshen fure.

Uwar ɗakinmu, shugabar masu hidimar Gimbiya, ta tara mu, ta ce, "Wace munafukar ce ta fitar da ita? In fada ta ji, Gimbiya gida za ta koma da abin kunya, ku kuma a aske kawunanku!"

Gimbiya dai dutsen da take dama tawada a kai ta miƙo mini, ta ce, "Ɓoye shi, Tameko, na daina rubuta waƙa."

Ni na kwance takardar, Yaya. Ƙanshin turaren da Inna ke haɗawa ne a jikinta, wanda ba gidan da ya san sirrinsa sai namu. Har yanzu da shi mijinki ke turara rigunansa?

Ki aiko mini da riga mai kauri. Alloli su ƙara wa Inna lafiya. Amsarki kuwa kada ki turara ta, hancin uwar ɗakinmu ya fi nawa.

Ƙanwarki,
Tameko