Rasuwar Hajiya Tasalla, wadda ta ƙi fita kafin uwar tafiya ta faɗi

Zuwa ga iyayenmu masu daraja, hakiman ƙasar Sabon Birni da Isa, da masu girma shugabannin sashen lafiya, da iyalan marigayiya, da sauran jama'a: gaisuwa da ladabi da biyayya.

Cikin alhini mai nauyi da sallamawa ga hukuncin Allah, Ƙungiyar Ungozomomin Gobir ta Gabas ta samu labarin kisan gillar da anka yi wa shugabarta kuma uwarta, Hajiya Tasalla Kurawa, ranar Talata da hantsi, a Tungar Yari.

Marigayiya ta shekara talatin da ɗaya tana karɓar haihuwa, tun daga Alkalawa har ƙauyukan bayan iyaka. Ita ta wakilce mu a taron ungozomomin ƙasashen duniya, ta dawo ta raba mu da tsohuwar aska, ta ce kowace cibiya da sabuwar rezarta. Cikin wannan fari na shekara biyu, da gero ya ƙone bai fidda kai ba, takan ɗauro jarkar ruwa bisa jakinta domin wanke hannu kaɗai, ko ƙishirwa ta dame ta ba ta kurɓa. Mata ashirin da uku ta koyar, kowace kuma sai da ta ɗauki alkawari: ungozoma ba ta barin ɗaki sai uwar tafiya, wato mabiyiya, ta faɗi an yanke cibiya.

Ranar nan Saude matar Jibrilla ta haihu, mabiyiya ta maƙale, jini na zuba, sa'ad da 'yan bindiga sunka shigo bisa babura. Sun harbe mutum bakwai bakin rijiya, sun yanka mai unguwa ƙofar gidansa, sun cinna wa rumbuna wuta ko da yake ba kome ciki. Mataimakiyar shugaba, Inna Hajjo, ta ja zanenta su gudu, marigayiya ta ce: "Sake ni Hajjo, ba a gama ba, ina za ni?" Da ɗaya daga 'yan bindigar ya banko ƙofa, ta ce masa: "Kai ɗan nan, juya baya, mace na kwance. Kai ma wata irina ta yanke maka cibiya." Ya harbe ta a kafaɗa, ta ci gaba da murza cikin Saude da hannu guda har mabiyiya ta faɗi, sannan ya sare ta a wuya ya fita. Inna Hajjo ta fito daga bayan tukwane inda ta ɓuya, ta yanke cibiya. Saude ta rayu. Ruwan jarkar anka yi wa gawar marigayiya wanka da shi, domin jini ya ɓata rijiya.

Ranar Alhamis mun zauna a Isa, wasu sunka nemi a sauke alkawarin nan. Bayan kuka da muhawara, ƙungiya ta yanke cewa yana nan daram. Saboda haka muna roƙon iyayenmu rakiya ga duk ungozomar da anka kira, domin ungozomomi dai ba za su gudu ba.

Allah Ya gafarta mata, Ya karɓi shahadarta, Ya ba 'ya'yanta da jikokinta juriyar wannan babban rashi, amin.

Ni na rubuta da hannuna daga bakin shaidu, ban ƙara ba, ban rage ba. Su ne: Inna Hajjo, Saude matar Jibrilla, Liman Wada da ya sallaci gawa, sai jaririyar da ke ɗakin, wadda anka raɗa wa suna Tasalla jiya.

Lawwali Sodangi Gatawa
Magatakarda kuma Kakakin Ƙungiya,
mai takardar shaidar yaƙi da jahilci